Bal Gangadhar Tilak

Bal Gangadhar Tilak (23 ga Yuli 1856 – 1 ga Agusta 1920) malami ne, ɗan jarida kuma ɗan gwagwarmayar ƙwato 'yancin Indiya daga Turawan Birtaniya. Shi ne ya jagoranci fito da bikin Ganesh Chaturthi na mabiya addinin Hindu daga cikin gidaje zuwa bainar jama'a. Ana yi masa laƙabi da Lokmanya, wato wanda jama'a suka yarda da shi.

Farkon rayuwa

An haife shi a Ratnagiri, a jihar Maharashtra ta yanzu. Ya karanci lissafi a Kwalejin Deccan da ke Pune, sannan ya yi karatun lauya. A shekarar 1881, shi da abokansa suka kafa jaridar Kesari da harshen Marathi, da jaridar Mahratta da Turanci.

Bikin Ganesh

Ganesh abin bauta ne mai kan giwa, wanda 'yan Hindu suka yi imani yana kawar da cikas, shi ya sa suke fara kiran sunansa kafin kowane sabon aiki. Bikinsa yana faɗowa a watan Agusta ko Satumba, yana ɗaukar kwana goma. Ana gina gunkinsa da yumɓu, a miƙa masa furanni da modak, wani cincin mai zaƙi da ake cusa wa kwakwa. Ranar ƙarshe sai a nutsar da gunkin a ruwa, alamar cewa kowace siffa mai ƙarewa ce.

Daga shekarar 1893 Tilak ya ƙarfafa a riƙa kafa manyan gumaka a rumfunan unguwanni, ana waƙoƙi da laccoci. Turawa suna sa ido kan tarukan siyasa, amma ba su cika taɓa na addini ba, don haka bikin ya zama dandalin wayar da kai, ya kuma haɗa 'yan Brahmin da sauran rukunonin jama'a. Sai dai masu sukarsa suna ganin ya ƙara nisanta 'yan Hindu da Musulmi, domin a da sukan fita jerin gwanon Muharram tare.

Ɗauri da mutuwa

An ɗaure shi a 1897 bisa zargin tunzura jama'a. A 1908 aka sake yanke masa ɗaurin shekara shida a Mandalay ta ƙasar Burma, inda ya rubuta littafin Gita Rahasya. Ya mutu a Bombay, wato Mumbai ta yau, shekara 27 kafin Indiya ta sami 'yanci.