Sir Joseph Paxton: Mai Lambun Da Ya Gina Fadar Gilashi

Cikin mashahuran magina na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, da wuya a sami mai labarin ban mamaki kamar Joseph Paxton, domin bai taɓa shiga makarantar koyon tsara gini ba. Ɗan manomi ne, an haife shi a ƙauyen Milton Bryan ran 3 ga Agusta, 1803. Tun yana yaro ya kama aikin lambu. Cikin 1826 wani basarake, Duke na Devonshire, ya ɗora shi bisa masu lambun gidansa a Chatsworth.

A can ne ya ƙware wajen gina ɗakunan gilashi, inda ake renon tsire-tsiren ƙasashe masu zafi. Cikin 1849 ya reni wani irin bado na Kudancin Amurka har ya yi fure. Ganyensa faɗi gare shi, ya ɗauki 'yarsa ƙarama bai nutse ba. Paxton ya lura jijiyoyin da ke ƙarƙashin ganyen su ke riƙe nauyin, sai ya kwaikwayi wannan a rufin gininsa.

Ana nan, cikin 1850 aka shiga tsaka mai wuya a Landan. An shirya babban bajekoli na duniya shekara mai zuwa, amma babu zauren da za a yi shi. Kwamiti ya ƙi zane 245, ya fito da nasa na bulo, jama'a suka kushe shi, ga lokaci ya ƙure. Paxton yana zaune wurin taron kamfanin jirgin ƙasa a Derby ya zana nasa a takardar tsotse tawada.

Dabararsa ita ce a ƙera ƙarfe da gilashi awo ɗaya a masana'antu, a kawo filin Hyde Park a harhaɗa. Cikin watanni ƙalilan ginin ya tashi, tsawonsa ya fi ƙafa 1,800, da fallen gilashi kusan 300,000. Manyan itatuwan wurin ma ba a sare su ba, rufin ya bi ta kansu. Masu shakka suka ce zai rushe, aka sa sojoji suka yi maci a kan dabensa don gwaji, ko gezau.

Sarauniya ta buɗe wannan Crystal Palace ran 1 ga Mayu, 1851, mutum wajen miliyan 6 suka shiga. A shekarar aka ba shi lambar Sir. Ya wakilci Coventry a majalisa daga 1854 har ya mutu ran 8 ga Yuni, 1865.

An mai da fadar Sydenham, gobara ta cinye ta cikin 1936. Amma dabarar harhaɗa gini daga sassan da aka ƙera tun farko, har gobe magina na cin moriyarta.