Anne Bradstreet: Mawaƙiya a Cikin Baƙin Amurka na Farko

Gabatarwa

Idan ana maganar Turawan Ingila da suka fara kafa garuruwa a Amurka, yawanci sunayen gwamnoni da limaman coci ake ambata. Ba kasafai ake jin labarin matan da suka riƙe gidajen ba. Wannan maƙala za ta kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wato Anne Bradstreet, wadda waƙoƙinta suka adana mana yadda zaman gida yake a wancan zamani.

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Anne a garin Northampton na ƙasar Ingila a shekarar 1612. Mahaifinta, Thomas Dudley, wakili ne mai kula da dukiyar wani basarake, saboda haka ta tashi a gidan da ke cike da littattafai, ta karanta tarihi da adabi tun tana yarinya. Iyayenta 'yan Furitan ne, wato Kiristocin da ke neman a tsarkake cocin Ingila daga al'adun da suke gani ba su da tushe a Littafi Mai Tsarki. Tana da shekara 16 aka ɗaura mata aure da Simon Bradstreet.

Ƙaura Zuwa Amurka

Da hukuma ta matsa wa 'yan Furitan, sai Anne da mijinta da iyayenta suka shiga jirgin ruwa mai suna Arbella a shekarar 1630. Bayan kimanin wata biyu a teku, suka sauka a Salem, cikin yankin Masacuset. Ƙasar tana da masu ita, wato 'yan asalin Amurka, waɗanda annoba ta riga ta rage yawansu ƙwarai kafin zuwan waɗannan baƙi. Su ma baƙin ba su tsira ba, domin kafin shekarar ta ƙare yunwa da cuta sun kashe mutum wajen 200 daga cikinsu. Iyalin Bradstreet sun yi ta sauya mazauni, daga Boston zuwa Cambridge, zuwa Ipswich, har suka tare a Andover.

Zaman Gida

Gidajen farko na katako ne, wasu da rufin ciyawa, murhu guda ne ake girki da shi, a kuma ji ɗumi lokacin hunturu. Masara ce babban abinci, nomanta kuwa daga 'yan ƙasa aka koya. Uwargida ita ke kaɗi da ɗinki, ta haɗa sabulu da toka da kitse, ta yi kyandir, ta kuma yi jinyar marasa lafiya. Ranar Lahadi ba aiki, kowa sai coci. Ko da yake Anne matar babban mutum ce, wannan nauyi bai sauka daga kanta ba. 'Ya'ya takwas ta haifa, ga yawan rashin lafiya, ga miji mai yawan tafiya saboda aikin hukuma.

Rubuce-rubucenta

A wannan al'umma ba ƙaramin haɗari ba ne mace ta fito da iliminta fili. A shekarar 1637 aka gurfanar da wata mata, Anne Hutchinson, saboda tana tara mutane a gidanta tana sharhin wa'azi, daga baya aka kore ta daga yankin. Mahaifin Anne Bradstreet da mijinta suna cikin waɗanda suka zauna shari'ar. Duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba. A shekarar 1650 mijin ƙanwarta, John Woodbridge, ya sa aka buga waƙoƙinta a Landan da sunan The Tenth Muse. Ita ce ta farko da aka buga littafin waƙoƙinta daga cikin mazauna ƙasashen Ingila na Amurka.

Waƙoƙin wannan littafi dogaye ne, jigoginsu kuwa na malanta, kamar tarihin manyan dauloli huɗu da lokutan shekara. Amma waɗanda suka fi ɗaukaka sunanta su ne gajerun da ta yi a kan gidanta. Akwai ta fargabar mutuwa gab da haihuwa, da ta begen miji, da na makokin jikokinta uku da suka rasu suna ƙanana tsakanin 1665 da 1669. A watan Yuli na 1666 gobara ta cinye gidansu na Andover tare da littattafai kimanin 800, ta kuma yi waƙa a kan haka, inda ta nuna baƙin cikin rashin kayanta, sa'an nan ta lallashi zuciyarta ta koma ga Ubangiji.

Rasuwarta

Anne ta rasu a Andover ranar 16 ga Satumba, 1672, tana da shekara 60. A shekarar 1678 aka sake buga waƙoƙinta a Boston, aka haɗa da da yawa daga waɗannan na cikin gida.

Kammalawa

Takardun hukuma sun faɗi dokokin da baƙin Masacuset suka kafa da filayen da suka raba. Abin da mace ke ji a daren naƙuda kuwa, ko a gaban tokar gidanta, sai a waƙoƙin Anne Bradstreet mai nazari zai same shi.