Musa Ɗanƙwairo: Wa Ya Gaji Kotson?

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun san muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, amma ba mu san yadda ƙungiyarsa ta taso ba. Gado ya yi. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kuma a bayansa Musa ya fara amshi. Da uban ya rasu, yayansa Kurna ya karɓi ragama, Musa na biye. Daga baya ya ware ya kafa tasa, har sunansa ya shafe na yayan. Da kiɗan kotso ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da 'Yandoton Tsafe da Sarkin Kano Ado Bayero.

Ya rasu a 1991, 'ya'ya da jikoki suka ci gaba, kowa da tawagarsa, kowa na amsa sunan gidan. Har gobe ina jin waƙoƙinsa a wayoyin leburorin Sharada da Bompai, ana gardamar wane ne magajin gaskiya. Ni dai a ganina, wanda ya riƙe 'yan amshi ƙwararru shi ya gaji, domin rabin daɗin waƙar Ɗanƙwairo a bakinsu yake. Allah Ya jiƙansa.