JIGORO KANO: MALAMIN MAKARANTAR DA YA KOYA WA DUNIYA FAƊUWA

Ranar da malaminmu na wasanni ya fara ambata mana sunan Kano a fagen judo, ina aji ɗaya, na ɗauka wani Bakano ne ya je ƙasar Jafan ya koya musu kokawa. Ba ni kaɗai ba, kusan rabin ajinmu haka muka zata, har wani yaro ɗan Fagge ya kwana biyu yana hura mana hanci. Daga baya muka gane sunan gidansu ne kawai ya zo daidai da na birnin Dabo. To, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, tarihin wannan mutum nake so in ɗan ba mu, domin shi ma ɗan makarantar kwana ne kamarmu, kuma ya ɗanɗani irin kuɗar da ƙananan cikinmu suka ɗanɗana a hannun siniyoyi.

An haifi Jigoro Kano ranar 10 ga Disamba, 1860, a garin Mikage da ke kusa da birnin Kobe, cikin dangin masu hali. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara tara, sai mahaifinsa ya koma da shi Tokiyo ya sa shi makaranta. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga Turanci a bakinsa tun da wuri, amma fa tsamurarre ne, nauyinsa a ƙuruciya bai wuce kilo 41 ba. Wanda duk ya yi zaman hostal ya san abin da ke samun yaron da ya fi kowa karatu kuma kowa ya fi shi ƙarfi. Haka aka yi ta cin zalinsa, har ya ji labarin jujitsu, wato tsohuwar dabarar faɗa ta mayaƙan samurai wadda aka ce ƙarami kan iya kayar da ƙato da ita. Ya ƙudurta a ransa sai ya koya, ko da yake mahaifinsa bai so ba da farko.

Sai dai ya zo a lokacin da kasuwar jujitsu ta watse. A 1868 aka yi juyin mulki a Jafan, sabuwar gwamnati ta rungumi zamani, a 1876 aka hana samurai yawo da takobi. Malaman jujitsu suka rasa almajirai, da yawansu suka koma sana'ar ɗori, tun da wanda ya san yadda ake karya ƙashi ya san yadda ake mayar da shi. Kano ya gano haka, sai ya riƙa bin gidajen maɗora yana tambaya. A 1877, shekarar da ya shiga Jami'ar Tokiyo, ya dace da wani mai ɗori, Fukuda Hacinosuke, wanda bai yar da koyarwa ba.

Koyarwar Fukuda ba ta da dogon bayani. Ya kama ka ya maka da ƙasa, ka tashi ya sake, har jikinka ya gane abin da bakinsa bai faɗa ba. Akwai wani babban almajiri a gidan mai suna Fukushima, wanda ya zame wa Kano ƙarfen ƙafa, kullum shi ne a ƙasa. Da dabarun gidan suka ƙi ci, sai ɗan boko ya yi abin da ɗan boko ya iya, ya koma ga littafi. Ya binciki kokawar Turawa, ya samo wata dabara ta sunkuyawa a ɗauki mutum a kafaɗa kamar buhu a juye shi, kuma da ita ya kayar da Fukushima. Wannan kaye yana nan cikin judo har yau da sunan kata guruma. A 1879 Kano yana cikin waɗanda suka nuna jujitsu gaban tsohon shugaban Amurka, Janar Grant, da ya kawo ziyara. A shekarar Fukuda ya rasu. Malaminsa na biyu, Iso Masatomo, ya bi shi a 1881, sai ya koma wajen na uku, Iikubo Tsunetoshi, gwanin jifa da kaye.

A hannun Iikubo ne ya gano sirrin da ya gina komai a kansa. Ya lura cewa mutum, komai girmansa, ba ya kayuwa sai tsayuwarsa ta goce. In ya turo ka, ka ja shi. In ya ja ka, ka tura shi. Da zarar nauyinsa ya koma kan duga-dugansa ko kan yatsun ƙafa ɗaya, to 'yar taɗiya ta ishe shi. Shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya kayar da malamin nasa sau uku da wannan dabara, malamin kuwa bai yi fushi ba, ya miƙa masa littattafan gidan.

A 1882, yana ɗan shekara 21, ya buɗe makarantarsa a wani ɗaki na gidan ibadar Eishoji, ya sa mata suna Kodokan. Tabarma 12 ce faɗin ɗakin, almajirai tara. Ya bar sunan jujitsu ya kira abin nasa judo, wato hanyar sassauci.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a ganina nan ne hikimar mutumin take, ba a yawan kaye ba. Tsofaffin gidajen jujitsu suna da mugayen dabaru: tsokane ido, dukan maƙoshi, karya yatsu. Amma irin wannan ba yadda za a yi ka gwada shi da gaske a kan abokin karatunka. Saboda haka yawancin horonsu na kwaikwayo ne, an shirya wanda zai kawo hari da wanda zai kare, kowa ya san abin da zai biyo baya. Kano ya ware waɗannan miyagun dabaru ya ajiye su cikin darasin kwaikwayo da ake kira kata. Abin da ya rage, wato jifa da dannewa da shaƙa da murɗe gaɓa, ya ce a yi shi da iyakar ƙarfi a kan abokin da shi ma yake turjewa da iyakar nasa. Wannan gwabzawa ita ce randori. Ba shi ya ƙago ta ba, amma shi ya mai da ita ginshiƙin horo. Wanda ya ji wuya ya buga tabarma sau biyu, nan take a sake shi, gobe kowa ya dawo da ƙafarsa. Mutumin da ya gwabza sau dubu da mai turjiya ya san abin da ke aiki in ido ya raina fata, abin da mai kwaikwayo ba zai taɓa sani ba. Ba da daɗewa ba 'yan sandan Tokiyo suka ɗauki almajiran Kodokan su koyar da su, kuma a 1904 ɗaya daga cikinsu, Yamashita, yana koya wa shugaban Amurka Theodore Roosevelt a fadarsa.

Gwabzawa irin wannan ba ta yiwuwa sai an iya faɗuwa, shi ya sa darasin farko a judo shi ne ukemi. Mu a kokawarmu ta gargajiya faɗuwa ita ce ƙarshen zance, abin kunya ce, ba wanda ke koyon ta. Na tuna malaminmu ya sa aka kwaso tsofaffin katifu aka shimfiɗa a babban zaure, muka shafe zango guda cur muna faɗuwa: ka manna haɓa a ƙirji, ka lanƙwasa baya, ka mari katifa da hannu gaba ɗayansa, kada ka kuskura ka tokare ƙasa da tafin hannu. Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne wani siniya da ya mai da akwatina kantinsa, garina da sukarina da madarata duk nasa ne. Burina in maka shi da ƙasa gaban jama'a. Har ya gama makaranta ban ko riƙe rigarsa ba. Amma bayan shekara ashirin da wani abu, akuya ta gitta mini ina kan babur, na yi sama na dawo, jikina ya tuna katifun nan. Na tashi da ƙujewa a gwiwar hannu, babur ɗin ne ya kwana wajen makaniki.

Abin da mutane kan manta shi ne judo ba ita ce sana'ar Kano ba. Malamin makaranta ne. Ya fara koyarwa a Gakushuin, makarantar 'ya'yan sarauta, a 1882, daga baya ya shugabanci babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo sama da shekara 20 tsakanin 1893 da 1920. Ya kuma buɗe wa ɗaliban Sin makaranta, inda shahararren marubucinsu Lu Shun ya yi karatu. Halin malanta ne ya sa ya tsara judo aji aji. Ya aro matakan daraja daga wani wasan dara na can da ake kira go, ya ba almajiransa biyu, Tomita da Saigo, mataki na farko a 1883. Daga nan baƙar ɗamara ta samo asali, wadda karate da taikwando suka ara daga baya. A 1922 ya taƙaita koyarwarsa cikin ƙa'ida biyu: amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma cuɗanni in cuɗe ka. Ta biyun ba wa'azi ba ce kawai, tun da wanda ya karya abokin gwabzawarsa gobe ba shi da wanda zai gwada da shi.

Gaskiya kuma tsarin nasa yana da giɓi. Wanda bai saba ganin naushi na tahowa ba, ranar da ya gamu da ɗan dambe zai sha mamaki. Kano ya san da haka. A 1922 ya gayyaci Funakoshi, malamin karate daga tsibirin Okinawa, ya nuna fasaharsa a Kodokan, kuma ya tura wasu almajiransa su koyo a wajen Ueshiba, wanda ya kafa aikido. A ƙarshen rayuwarsa yakan koka da yadda son cin gasa ya sa samari suka koma turereniya da ƙarfin tuwo, suka bar dabara.

A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a kwamitin wasannin Olamfik na duniya, a 1912 kuma ya kai Jafan gasar karon farko a Sitokholm da 'yan tsere biyu tak. Ya yi ta fafutika har aka ba Tokiyo gasar 1940. A watan Maris na 1938, yana tsoho, ƙasarsa kuma tana yaƙi da Sin, ya tafi taron kwamitin a Alƙahira don kare wannan dama. A hanyar komawa gida ciwon huhu ya kama shi cikin jirgin ruwa mai suna Hikawa Maru, ya rasu a tsakiyar teku ranar 4 ga Mayu, 1938, yana da shekara 77. Bayan wata biyu Jafan ta janye daga ɗaukar nauyin gasar.

Sai a 1964 Olamfik ta zo Tokiyo, kuma a nan judo ta shiga gasar karon farko. Jafanawa suka lashe zinare uku, saura na huɗu wanda suka fi ƙwallafa rai a kansa, ajin da ba a duba nauyi. Wani ƙaton mutumin Holan, Anton Geesink, ya danne gwaninsu Kaminaga har lokaci ya cika. Zauren ya yi tsit. 'Yan ƙasarsa suka taso da gudu za su hau tabarma don murna, shi kuwa tun bai miƙe ba ya ɗaga hannu ya dakatar da su, sai da shi da Kaminaga suka gyara rigunansu suka rusuna wa juna.