Rick Griffin: Mai hawan igiyar teku da ya zama gwanin zane bayan hatsarin mota

A ranar 18 ga watan Agustan 1991 ne Rick Griffin ya rasu a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka yana da shekaru 47, kwana uku bayan ya yi hatsari da moto a garin Petaluma. Har yau masu tara zane-zane na neman ayyukansa ruwa a jallo.

An haife shi ranar 18 ga watan Yunin 1944, ya tashi a yankin Palos Verdes da ke bakin tekun Pasifik. Mahaifinsa injiniya ne mai sha'awar tono kayan tarihi, kuma yakan tafi da shi wuraren da kakannin Indiyawan Amurka suka zauna. A nan yaron ya fara ganin irin alamomin da daga baya suka cika zane-zanensa.

Yana ɗan shekara 14 ya koyi hawan igiyar ruwa, wasan da mutum ke tsayawa kan dogon allo, taguwar teku ta ɗauke shi zuwa gaɓa. Tun yana makarantar sakandare yake yi wa abokansa zane. John Severson, wanda ya kafa mujallar Surfer a 1960, ya ga hannunsa ya ba shi shafi. Griffin ya ƙirƙiro wani ɗan yaro mai tulin gashi da ya sa wa suna Murphy, wanda matasan bakin teku suka ɗauka tamkar ɗayansu, har ya hau bangon mujallar.

Ana cikin haka ƙaddara ta faɗa masa. Motar da ta rage masa hanya ta kife, idonsa na hagu ya samu mummunan rauni, fuskarsa ta cika da tabo. Ga wanda ido ne jarinsa, wannan na iya zama ƙarshen sana'a. Maimakon haka sai ya shiga makarantar zane ta Chouinard a Los Angeles, inda ya haɗu da Ida Pfefferle wadda ya aura.

A 1966 suka koma San Francisco, daidai lokacin da birnin ya zama matattarar sabbin mawaƙa. Shi ya zana ɗaya daga cikin fastocin gangamin Human Be-In na Janairun 1967, da tambarin farko na mujallar Rolling Stone. A 1968 ya fitar da fastar wasan Jimi Hendrix mai ɗauke da ƙwayar ido mai fukafukai, sannan a 1969 ya zana bangon faifan Aoxomoxoa na ƙungiyar Grateful Dead. Haruffansa masu murɗiya, waɗanda sai an tsaya an natsu kafin a karanta su, sun sa ana lissafa shi cikin manyan masu zanen fasta biyar na birnin, tare da Wes Wilson, Victor Moscoso, Stanley Mouse da Alton Kelley.

Daga farkon shekarun 1970 ya duƙufa ga addinin Kirista, aikinsa ya sauya alƙibla. Ya yi jerin zane-zane na littafin Linjilar Yohanna, ya kuma zana bangon faya-fayan waƙoƙin coci. Duk da haka bai rabu da teku ba. Shi ya zana fastar Pacific Vibrations, fim ɗin hawan igiyar ruwa da Severson ya fitar a 1970, kuma taguwar teku ta ci gaba da bayyana a zanen fenti da ya mayar da hankali a kai a ƙarshen rayuwarsa.