Liang Sicheng, Malamin Da Ya Zauna Gaban Kafintoci

Mutanen Sin tun kaka da kakanni da katako suke gina fadar sarki, da ɗakunan ibada, da rumfunan shan iska masu bene. Ginshiƙai ke ɗauke da rufi, bango kuwa kariya ce kurum. A kan sassaƙa itace a cusa wani cikin wani har su kama juna, ba a dogara ga ƙusa. Yau za mu ba da labarin mutumin da ya tono ilmin wannan gini bayan an daina gane shi.

An haifi Liang Sicheng a Tokiyo ta ƙasar Japan ran 20 ga Afrilu, 1901, inda ubansa Liang Qichao, wani mashahurin malami, yake zaman gudun hijira. Sun koma gida a 1912. A 1923 mota ta buge shi yana kan babur, ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba har mutuwa. Shekara na kewayowa ya tafi Amurka koyon zanen gine-gine a Jami'ar Pennsylvania.

Yana can a 1925 uban ya aika masa da wani littafi mai suna Yingzao Fashi, watau ƙa'idodin gini. Wani ma'aikacin sarki, Li Jie, shi ya tsara shi, aka buga a 1103, don a san ƙimar katako da ta ƙwadago, a toshe wa 'yan kwangila hanyar cuta. Liang ya buɗe, ga haruffa duk ya san su, amma ma'ana ta gagara. Kalmomin na masu sana'a ne, masu sana'ar kuwa sun mutu shekara ɗari takwas da suka wuce, malaman Sin kuma sun daɗe suna ganin aikin hannu bai kai su rubuta labarinsa ba.

To, abin da ya yi bayan ya komo shi ne abin da muka fi yaba masa. A 1931 ya shiga wata ƙungiya ta binciken gine-ginen gargajiya a Bejin, ya nemi tsofaffin kafintocin da suka yi aiki a fadar sarki. Ga shi ɗan babban gida mai takardar jami'a, ya riƙa bin su suna nuna masa itace ɗaya ɗaya suna faɗin sunansa. Sai dai iyakar saninsu ginin zamanin baya-bayan nan ne. Don haka ya ga ba makawa sai ya nemo gine-ginen da suka yi zamani da littafin, ya auna su, ya gwada da abin da ke rubuce.

Shi da matarsa Lin Huiyin, wadda ya aura a 1928, ita ma gwanar zane ce, suka shiga ƙauyuka, wani wuri a keken shanu, wani wuri a kan alfadari. A 1932 ya auna benen Guanyin na ɗakin ibadar Dule, ginin shekara ta 984. A 1933 ya hau hasumiyar katako ta Yingxian, ginin 1056, mai tsawon kamar ƙafa 220, da gurguwar ƙafarsa.

Sannu a hankali littafin ya fara buɗewa. Ashe dukkan ginin a kan ma'auni guda yake tafiya, wanda ake kira cai, watau kaurin wani guntun katako mai tsawo kashi 15 da faɗi kashi 10. An kasa shi aji takwas bisa darajar gini. In an zaɓi aji, to, kaurin ginshiƙi da na azara da na sauran itatuwa duk daga nan za a lissafa. Haka kuma ya gane aikin dougong, waɗansu guntayen katako da ake jerawa bisa kan ginshiƙi, kowane hawa ya ɗara na ƙarƙashinsa fita, su tallafi bakin rufi, su kuma yi ta motsi kaɗan kaɗan in ƙasa ta girgiza.

Waɗansu masanan Japan sun ce ba sauran ginin katako na zamanin daular Tang a ƙasar Sin. A damunar 1937 Liang da matarsa suka isa ɗakin ibadar Foguang a duwatsun Wutai. Suka kwana da kwanaki cikin rufin, jemagu da kuɗin cizo sun cika wurin, har Lin ta hango wani rubutu dishi-dishi a jikin azara, da sunan matar da ta ba da kuɗin ginin. Sunan ya dace da na jikin wani ginshiƙin dutse a ƙofa, mai shekara ta 857. Suna cikin wannan murna yaƙi da Japan ya ɓarke.

Suka yi gudun hijira har ƙauyen Lizhuang, cikin talauci, matar na fama da tarin fuka. A nan ya rubuta tarihin gine-ginen Sin. A 1946 ya kafa sashen koyar da zanen gini a Jami'ar Tsinghua.

Ƙarshen rayuwarsa ba daɗi. A 1950 ya ba da shawara a bar ganuwar Bejin da ƙofofinta, a gina ofisoshin gwamnati a wajen gari. Aka ƙi, aka rushe ganuwar, a ganinmu kuwa shi ke da gaskiya. Lin ta rasu a 1955. Daga 1966 aka yi ta wulakanta shi a bainar jama'a ana ce masa mai ra'ayin 'yan mazan jiya, har ya rasu ran 9 ga Janairu, 1972.

Shekara guda bayan rasuwarsa aka gama wani zauren katako a Yangzhou wanda ya zana bisa tsarin Tang, don tunawa da malamin addinin Buda, Jianzhen. Sharhinsa na littafin Li Jie ya fito a 1983. A 1989 kuma aka sake ta da benen Tengwang na Nanchang, wanda ya ƙone a 1926, aka bi zanen da ya yi a 1942, sai dai da siminti da ƙarfe aka gina shi, aka yi masa fenti kamar katako.