Babban Gwani Muhammadu Durugu, Maginin Sarakuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. A duk lokacin da wata sarauta ta cika shekara 100, al'ada ce a jero sunayen sarakunan da suka riƙe sanda, da mayaƙan da suka kare gari, da malaman da suka raya addini. Amma akwai wasu bayin Allah waɗanda ba safai ake ambatonsu ba, alhali a ƙarƙashin aikin hannunsu sarki yake zama ya yi shari'a, kuma a cikin aikin hannunsu talaka yake ajiye hatsinsa. Su ne magina da masassaƙa. Shi ya sa aka keɓe waɗannan shafuka domin tarihin wanda ya fi kowa suna a cikinsu a duk ƙasar Hausa, wato Muhammadu Durugu na Zariya, wanda kuma ake kira Malam Mika'ilu, aka fi saninsa da laƙabin Babban Gwani.

Zamaninsa

Babban Gwani ya rayu a ƙarni na 19, lokacin da ƙasar Hausa ta shiga wani sabon hali bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ya fara a 1804. Sababbin sarakuna sun hau gadajen mulki a Kano da Katsina da Zazzau, kowane yana bukatar masallacin Juma'a da fada da ganuwa. A arewa kuma, sarakunan Katsina na asali sun kafa Maraɗi a wajajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ke nan, a daidai shekarun da Babban Gwani yake ɗaura azara a Zariya, a nan gaɓar Gulbin Maraɗi ma ana kwaɓa ƙasa ana tayar da sababbin birane. Yaƙi ya raba sarakunan wancan zamani gida biyu, amma bai raba sana'ar gini ba. Tubalin da ake mulmulawa a Zazzau shi ne ake mulmulawa a Tibiri da Gazawa, sunayen kayan aiki ɗaya ne, hikimar ma ɗaya ce.

A wancan lokaci gini sana'a ce ta gado. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa da miƙa tubali, ya shekara da shekaru kafin a yarda ya hau bango. Kowane babban gari yana da Sarkin Magina, wanda ke rarraba aikin sarki, yana sasanta rigingimun ƴan sana'a. A cikin irin wannan tsari Muhammadu Durugu ya taso, har ya zarce tsararrakinsa. Labarin da zuriyarsa suka riƙe ya nuna cewa daga Sakkwato aka tabbatar masa da laƙabin Babban Gwani, wato gwanin da ke gaba da dukan gwanaye, kuma laƙabin ya zama na gado a gidansa a birnin Zariya.

Masallacin Juma'a na Zariya

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ba ɗakin salla kaɗai ya gina ba. Ya kewaye wurin da katanga, ya yi zauruka a ƙofofin shiga inda masallata ke alwala, ya kuma yi ɗakin shari'a a jikin harabar. Cikin masallacin kuwa manyan ginshiƙai ne, daga jikinsu bakuna suka tashi suka haɗu a sama suka ɗauki tulluwa, an kuma ƙawata ginshiƙan da zane mai kauri wanda aka fitar da hannu tun ƙasa tana ɗanya. Babu ƙusa, babu ƙarfe, babu siminti. Ƙasa ce da ruwa da igiya da itacen giginya.

Mutanen Zariya sun daɗe suna ba da labarin cewa da dare yake aikinsa shi kaɗai, gari ya waye a tarar bango ya ƙara tsawo. Irin wannan labari yana nuna yadda aikin ya girmi tunanin waɗanda suka gan shi. Amma wanda ya san sana'ar ya san cewa asirin yana cikin haƙuri da sanin halin itace.

Asirin azara

Azara ita ce gangar giginya da aka tsaga gida-gida. Magina sun fi son namijin giginya wanda ya manyanta, domin ɓangarensa na waje baƙi ne, mai tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, kuma ba ya saurin ruɓewa. Sai dai azara tana da iyaka. Idan aka gitta ta tsakanin bango biyu aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya ɗaukar faɗin da ya kai mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da tsawo amma ba su da faɗi.

Magina sun yi dabarun ƙetare wannan iyaka. Ta farko ita ce a dasa gajerun azara a saman bango su leƙo cikin ɗaki, a ɗora wasu a kansu su ƙara leƙowa, har tazarar da ta rage a tsakiya ta zama wadda azara ɗaya za ta iya rufewa. Ta biyu ita ce a gitta azara a kusurwoyin ɗaki, a mayar da murabba'i ya zama mai kusurwa 8, a ci gaba da tsukewa har sama. Ta uku, wadda ita ce sarauniyar dabaru, ita ce baka. Magini yakan binne gindin azara a cikin bango tun yana ƙasa, ya karkato da kanta kaɗan zuwa cikin ɗaki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe sarai. Sannan ya ɗora wani sahun azara a kan na farko, rabinsa yana kwance a jikin na ƙasa an ɗaure su tam, rabinsa ya ƙara karkata. Haka zai yi ta yi daga ɓangarori biyu, hawa bayan hawa, har kawunan su haɗu a tsakiya a ɗaure su da azarar da ta gitta. Idan bakuna suka ratsa juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ake kira ɗaurin guga, domin ya yi kama da yadda ake gitta itace a bakin gugar rijiya. Da wannan hanya ake rufe ɗaki mai faɗin mita 7 ko 8 ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Kowane hawa sai ya bushe kafin a ɗora na gaba, in ba haka ba nauyi ya rinjayi ɗauri. Don haka aikin rani ne, kuma mai gaggawa ba ya iya shi. Babban Gwani ba shi ya ƙago baka ba, ya gaje ta ne daga magabata. Fifikonsa shi ne ya san iyakar abin da azara za ta iya ɗauka, ya kai ta wannan iyaka, ya kuma sa abin da ke riƙe da rufi ya zama shi ne adon ɗaki.

Sauran ayyukansa da rasuwarsa

Sunansa ya kai nesa, sarakuna suka riƙa aikowa a ɗauke shi. A ƙasar Bauchi, a zamanin Sarki Ibrahim, ana danganta masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda aka gina a wajajen 1860, kuma hukumar Nijeriya ta sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Har yau mutanen wurin da sunan Babban Gwani suke kiran ginin.

Game da ƙarshensa, labarin da aka gada shi ne cewa ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini wanda ya ƙayatar ƙwarai, sarkin kuwa ya sa aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi. Malaman da suka karanta littattafan Larabawa sun san makamancin wannan a labarin Sinimmar, maginin da ya gina wa Nu'umanu sarkin Hira fadar Hawarnaƙ, aka saka masa da jefowa daga samanta. Darasin labaran biyu ɗaya ne: mai mulkin da ya so ya mallaki gwaninta shi kaɗai, hallaka ta yake yi. Allah Ya jiƙan Babban Gwani, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Abin da ya biyo baya

Masana daga ƙasashen waje sun zo sun auna masallacin Zariya sun zana shi. Daga cikinsu akwai Zbigniew Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, wanda ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin. A shekarun 1970 an yi wa masallacin na asali sabon gini na siminti wanda ya rufe abin da aka bari na tsohon a cikinsa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, wani sashe na rufin ya rufta a kan masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Allah Ya gafarta musu. Ginin da ya yi fiye da shekara 180 ana salla a cikinsa ya nuna ƙarfin azara, faɗuwarsa kuma ta tunatar da cewa ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo.

A Nijar ma sana'ar ba ta rasa magada ba. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi ma manomi ne kamar sauran mutanen garinsu.

Rabon ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Rumji

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin maginin sarakunan Zazzau da manomin Agiye ko na Gazawa ko na Gidan Rumji? Haɗin yana tsakar gidan kowa. Hikimar da ta ɗaga tulluwar masallaci ita ce take riƙe da rumbu. Wanda zai kafa rumbu yakan nemi kirya domin gofanni, saboda ita ce take jure wa gara da laimar ƙasa. Ya ɗora gado a kan gofannin don hatsi ya yi nisa da ƙasa, ya ɗaure tsaiko da tanka, ya yi amfani da geza ko sabara inda ake bukatar itace mai lanƙwasuwa, ya ɗaure da igiyar kaba ko ɓawon kalgo, sannan ya yi jinka. A nan ma babu ƙusa. Itace ne yake hawa kan itace, igiya ta riƙe su, kuma idan guda ya lalace ana iya kwance shi a sauya ba tare da an rushe sauran ba.

Wannan shi ne babban amfanin ginin gargajiya ga mai gyara. Tsohon soro ko zaure ko rumbu ba safai yake mutuwa gaba ɗaya ba. Ruwa ne yake fara shiga ta inda indararo ya toshe ko yaɓe ya tsage, ya jiƙa kan azara inda ta shiga bango, gara ta biyo laima. Gwanin magini yakan duba kawunan azara kafin damina, ya tokare rufi da gofa, ya zare wadda ta ruɓe ya sa sabuwa, ya sabunta yaɓe da makuba. Wanda ya shafe bangon ƙasa da siminti kuwa ya kulle laima a ciki, ɓarna tana ci ba a gani.

Matsalar yau ita ce itacen da kuma masu sanin sa. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa tsagawa, kuma azarar kirki daga nesa take zuwa, kamar dazukan giginya na ƙasar Gaya, da tsada. Fari na 1973 da na 1984 da faɗaɗa gonaki sun rage kirya da marke. Samari sun koma ga bulo da kwano, tsofaffin magina suna tafiya da iliminsu. Amma akwai abin farin ciki. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi dabarar barin tsiron itatuwa a gona suna yi musu aski maimakon sassabe su, kuma ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agiye ya yi suna a duniya a kan wannan aiki. An ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai kadada miliyan 5. Ƙasar da ta iya mayar da itace gona, za ta iya mayar da shi rufin ɗaki.

A nan ne sarauta take da rawar takawa, kamar yadda ta taka a zamanin Abdulkarimu. Sarki ne yake iya riƙe tsohon zauren fada a gyara shi da kayansa na asali maimakon a rushe. Shi ne yake iya ɗaga darajar Sarkin Magina da Sarkin Sassaƙa a ranar taro, ya sa a ba su yara su koya. Shi ne kuma, tare da masu gari da ma'aikatan gandun daji, yake iya hana saran kirya ɗanya, ya sa a dasa giginya a fadamu domin jikoki.

Babban Gwani bai bar littafi ba, bai ci gari da yaƙi ba, amma ana ambatonsa tare da sarakunan da ya yi wa aiki. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ƙara wa wannan sarauta albarka, Ya ba ƙasa damina mai kyau da rumbuna cike, Ya jiƙan magabata baki ɗaya. Amin.